Alkaki

Alkaki wani nau'in kayan zaƙi ne na gargajiya da Hausawa suke yi da ɓarzajjiyar alkama. Ana kwaɓa alkamar da mai da nono, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a murɗa ta, a soya, sannan a tsoma a cikin dafaffen sukari ko zuma. An fi saninsa a cikin kayan gara da iyayen amarya suke kai wa 'yarsu bayan biki, tare da nakiya da dubulan da cincin. Ana yin sa a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato da Daura, da kuma Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Yawanci mata ne suke yin sa a cikin gida, wasu don bikin danginsu, wasu kuma don sana'a. Alkaki yana ɗaukar makonni bai lalace ba ko da babu firji, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa ya samu gurbi a kayan gara.

Asalin kalma

Kalmar alkaki aro ce daga Larabci, daga al-ka'k, sunan da Larabawa suke kiran nau'o'in biskit da burodi masu siffar zobe. Hausa ta ari kalmar haɗe da harafin al-, wanda a Larabci yake nuna sanannen abu, sai ya zama ɓangare na jikin kalmar. Haka ya faru da alkama daga al-ƙamh, da albasa daga al-basal, da alƙalami daga al-ƙalam, da allo daga al-lauh, da alkubus daga al-khubz. Sautin ainun da ke tsakiyar kalmar ya faɗi saboda babu shi a Hausa, aka kuma ƙara wasalin i a ƙarshe, domin yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Irin wannan ƙarin ne ya mayar da sukkar ya zama sukari. A nahawun Hausa alkaki namiji ne, shi ya sa ake cewa alkakin ya yi kyau.

A wata maƙala da ya wallafa a 1947, masanin harsuna Joseph Greenberg ya raba kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci gida biyu: waɗanda suka shigo tun da wuri ta bakin fatake da cuɗanyar yau da kullum, da waɗanda suka shigo daga baya ta hanyar karatun littattafai. Da yawa daga cikin na rukunin farko suna ɗauke da al-. Sauran sunayen kayan zaƙi da na alkama su ma suna nuna wannan alaƙa, kamar alawa daga halawa, da gireba daga ghurayba, da gurasa, da bakilawa.

Tarihi

An daɗe ana yin ka'k a ƙasashen Larabawa. Littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraƙ, wanda aka rubuta a Bagadaza a ƙarni na 10, ya ambace shi. Hanyar da irin wannan girki ya iso ƙasar Hausa ita ce kasuwancin hamada, wanda ya haɗa Katsina da Kano da Agadas da Gat da Gadamas da Tarabulus. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya isa Katsina da Kano a farkon 1851, ya kuma rubuta labarin fataken Gadamas da ya tarar zaune a biranen biyu. A Kano, unguwanni irin su Alfindiki da Dandalin Turawa sun kasance mazaunin Larabawan Arewacin Afirka, kuma sunan Alfindiki kansa daga kalmar Larabci funduƙ yake, wato masaukin fatake.

Alkama tana son sanyi, don haka a ƙasar Hausa da rani ake noma ta. Ana shuka ta daga watan Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, lokacin hunturu, a girbe a watan Maris ko Afrilu. A da, a fadamu ake noma ta kaɗan-kaɗan ana ban ruwa da jigo. Ƙarancinta ya sa abincin alkama, kamar alkaki da funkaso da alkubus, ya zama na sarakuna da attajirai da ranakun biki, yayin da gero da dawa suka kasance abincin kullum. Noman alkama ya faɗaɗa bayan gina manyan madatsun ruwa a shekarun 1970, musamman Tiga a Kano da Bakolori kusa da Talatar Mafara. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga 1987 zuwa 1992 don ƙarfafa noman gida. Duk da haka har yanzu mafi yawan alkamar da ake ci a Najeriya daga waje ake shigo da ita.

Kayan haɗi

Ma'auni yana bambanta daga gida zuwa gida. Masu yin na biki da mudu ko tiya suke awo. Ga misalin ma'auni na ɗan kaɗan:

Ɓarzajjiyar alkama, kofi 4
Man gyaɗa ko man shanu na murzawa, rabin kofi
Nono mai tsami, kofi 1, ko yis ƙaramin cokali 1
Ruwan kanwa, gwargwadon tsamin kwaɓin
Gishiri ɗan kaɗan
Sukari, kofi 3 zuwa 4
Tsamiya ko lemun tsami
Man gyaɗa na suya

Ana son alkamar ta zama tsaki-tsaki, tsakanin gari da ɓarzo. Idan ta yi laushi kamar fulawa, alkakin zai fito kamar cincin, ba zai yi wannan gardin da ake nema ba. Wasu suna haɗa alkama da fulawa kaɗan don kwaɓin ya kama jikinsa, wasu kuma a birni suna yi da samolina ta leda. Kafin sukarin kamfani ya yawaita, da zuma ake tsoma alkaki, kuma har yanzu ana ɗaukar na zuma a matsayin wanda ya fi daraja. Ana kuma yi da mazarƙwaila, wadda ke ba shi duhu da ƙamshin rake.

Yadda ake yi

1. Gyaran alkama. A tsince alkama, a wanke, a shanya ta bushe. A kai inji a ce ɓarzawa za a yi. A da, a dutsen niƙa ake yin wannan aiki.

2. Murzawa da mai. A zuba mai a cikin alkamar a murza da tafin hannu har sai kowane tsaki ya sha. Idan aka dunƙula a hannu ya tsaya bai watse ba, man ya isa.

3. Kwaɓi. A zuba nono da gishiri, a riƙa yayyafa ruwa ana cuɗawa. Kwaɓin alkaki da tauri ake yin sa. A rufe a ajiye a wuri mai ɗumi ya kwana. Da zafi yakan tashi cikin sa'o'i kaɗan, da hunturu kuma yakan wuce kwana guda.

4. Kashe tsami. Da safe a jiƙa kanwa a tace, a riƙa zuba ruwanta kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa har tsamin ya ragu. Sai a ci gaba da bugun kwaɓin, ko a kirɓa shi a turmi, har ya yi danƙo.

5. Naɗi. A shafa mai a tire ko bayan faranti. A gutsuro kwaɓin a mulmula shi ya yi tsawo kamar igiya, kaurin ɗan yatsa, sannan a naɗe. An fi yin naɗin da ya yi kama da lamba 8, wasu kuma suna yi masa zagaye biyu ko uku su ɗaure a tsakiya.

6. Dafa sukari. A zuba sukari a tukunya da ruwa kimanin rabin yawansa, a sa ruwan tsamiya ko na lemun tsami. A bar shi ya dahu har idan aka ɗiga tsakanin yatsu biyu aka buɗe ya ja zare.

7. Suya. A zuba mai mai yawa a kasko, yadda alkakin zai nutse. Ana suya a wuta matsakaiciya har ya yi ja ya bushe ciki da waje.

8. Tsomawa. Da an tsame daga mai, a jefa shi cikin ruwan sukarin tun yana da zafi. A bar shi 'yan mintuna ya sha, a kwashe da matsami a zuba a kwando ya tsane, sannan a baza ya huce.

Dalilin kowane mataki

Man da ake murzawa da farko yana lulluɓe tsakin alkama, ya hana danƙon alkama yin ƙarfi fiye da kima. Shi ke sa alkaki ya riƙa rugurgujewa a baki. Kwanan da kwaɓi yake yi yana ba tsakin damar jiƙa, yana kuma ba ƙwayoyin halittar da ke cikin nono damar aiki, su samar da tsami da iska. Kanwa kishiyar tsami ce. Idan suka haɗu sai tsamin ya mutu, iska ta fito, kwaɓin ya yi sauƙi. Kanwar tana kuma taimakawa wajen yin ja a cikin mai.

Tsamiyar da ake sa wa sukari tana da aiki banda ɗanɗano. Idan aka dafa sukari da abu mai tsami, wani sashe nasa yana rabewa zuwa sukari iri biyu masu sauƙi, waɗanda ba sa saurin komawa ƙanƙara. Wannan ne yake sa alkaki ya zauna da sheƙi da ɗan danshi maimakon ya yi fari. Tsomawa da zafi kuma tana sa alkakin ya zuƙi ruwan sukari zuwa cikinsa yayin da yake hucewa.

Matsalolin da aka fi samu

Idan alkaki ya watse a cikin mai, ko dai man murzawa ya yi yawa, ko kanwa ta yi yawa, ko kwaɓin bai bugu ba. Maganinsa a ƙara fulawa kaɗan a sake bugawa. Shi ya sa masu yi suke fara gwada guda ɗaya kafin su cika kasko. Idan ya yi tauri kamar dutse, man murzawa ne ya gaza ko kwaɓin bai tashi ba. Idan waje ya ƙone ciki ɗanye, wuta ce ta yi yawa, kuma irin wannan ba ya ajiyuwa. Idan ya yi ɗaci da warin sabulu, kanwa ce ta wuce misali. Idan ya yi laɓo-laɓo ya fara fumfuna bayan kwanaki, sukarin bai dahu ba, ruwa ya rage a cikinsa. Idan kuma ya bushe ya yi farin ɓawo, sukarin ya wuce dahuwa ko tsamiya ta yi kaɗan.

Ajiya

Abu biyu ne suke tsare alkaki daga lalacewa. Suya tana fitar da ruwan jikinsa, sukari mai kauri kuma yana riƙe ɗan ruwan da ya rage, ya hana ƙwayoyin cuta da fumfuna amfani da shi. Ana jira ya huce sarai kafin a rufe, don tururi kada ya koma ruwa. Ana ajiye shi a kwalla ko bokiti mai murfi, a wuri mai sanyi nesa da tururuwa, kuma ba a sa jiƙaƙƙen hannu a ciki. Da rani ya fi daɗewa. Da damina danshin iska yana sa ya saki da wuri. Abin da ya fi kawo ƙarshensa shi ne man suya ya juya ya fara wari, musamman idan da tsohon mai aka soya.

Alkaki a cikin gara

Gara ita ce kayan abincin da iyayen amarya suke kaiwa gidan 'yarsu bayan ta tare. Takan ƙunshi hatsi kamar shinkafa da masara da gero, da man gyaɗa da manja da man shanu, da kayan miya irin su kuka da kuɓewa da daddawa, sai kayan zaƙi. Ana sake yin irinta idan mace ta koma ɗakinta bayan wankan jego, musamman a haihuwar fari. Kayan zaƙin gara ba na amarya da ango kaɗai ba ne. Ana raba su ga iyayen ango da 'yan'uwansa da abokansa da maƙwabta, kuma dangin ango sukan auna ƙoƙarin iyayen amarya da yawan alkakin da kyawunsa.

Aikin alkakin biki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Gwaggonni da ƙawayen uwar amarya da maƙwabta sukan taru kwanaki kafin biki, wasu na naɗi, wasu na suya, wata tana kan tukunyar sukari. A irin wannan zama ne 'yan mata suke koyon naɗi. Taimakon yana cikin tsarin biki, inda mace take mayar wa wadda ta yi mata gudummawa idan nata ya zo. Littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, ya bayyana wannan tsari na musayar gudummawa tsakanin mata a ƙasar Zazzau, daga bakin wata dattijuwa da ta zauna a Giwa.

Akwai saɓanin ra'ayi game da gara. Malamai da yawa suna bayyana cewa al'ada ce, addini bai wajabta ta ba, domin ciyar da mace nauyin miji ne. Masu sukar ta suna cewa tana jefa iyaye cikin bashi, tana jinkirta auren 'ya'yan talakawa, kuma amaryar da aka kai ba gara takan sha gori a gidan miji. Masu kare ta suna ganin ta a matsayin tallafi ga sabon gida da hanyar ƙulla zumunci tsakanin dangi biyu.

A kudancin Katsina

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudu maso yammacin Jihar Katsina, kuma mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuma da Jihar Kaduna. Yankin yana samun ruwan sama fiye da arewacin jihar, an kuma san shi da noman masara da dawa da shinkafa da waken soya da auduga. Saboda haka kayan nakiya, wadda da shinkafa ake yin ta, sun fi kusa da hannun mutanen yankin, yayin da alkama da sukari yawanci sayen su ake yi a kasuwa, musamman daga Funtuwa da Kano. Nono da man shanu daga rugagen Fulani suke fitowa, kuma kasuwar Sheme da ke Faskari, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na jihar. Ana noman rake a fadamun kudancin Katsina da arewacin Kaduna, inda ake dafa mazarƙwaila.

Matsalar 'yan bindiga ta taɓa waɗannan hanyoyi na samun kaya. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A ƙarshen watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da waɗannan uku, aka kuma katse layukan waya a yankin na tsawon watanni. Tashin rugage da ƙauyuka da tsoron hanya suna rage nonon da ke shigowa gari, wanda shi ne abin tayar da kwaɓi na asali, sai a koma ga yis. Tsadar kaya ta ƙaru a kan haka. Yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya ɗaga farashin alkama a duniya, cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 kuma suka ɗaga kuɗin sukari da mai da sufuri. Alkaki na cikin kayan garar da suka fi jin wannan, domin manyan kayansa uku, alkama da sukari da mai, duk da kuɗi ake sayen su.

Makamantansa a wasu ƙasashe

A Tunisiya da Aljeriya da Libiya akwai maƙrud, wanda ake yi da samolina da dabino, a soya a tsoma a zuma. A Maroko akwai shabakiya, wadda ake naɗewa a soya a tsoma a zuma a barbaɗa riɗi, ana cin ta da azumi. Waɗannan biyu sun fi kusa da alkaki ta fuskar aiki. A Masar kuwa kahk, wanda sunansa da na alkaki tushe ɗaya ne, gasa shi ake yi don ƙaramar Sallah.

A Turai, kayan zaƙin da ya yi suna da tsomawa shi ne tiramisu na Italiya, wanda ma'anar sunansa ita ce ɗaga ni sama. An fi danganta shi da gidan abincin Le Beccherie da ke birnin Treviso, inda Alba Campeol da mai girki Roberto Linguanotto suka fara yin sa wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Yankin Friuli ma yana da'awar asalinsa, kuma a 2017 ma'aikatar noma ta Italiya ta sa shi a jerin abincin gargajiyar wannan yanki. A gida ana yin sa da kimanin giram 300 na biskit ɗin savoiardi, da giram 500 na cukwi mai laushi da ake kira mascarpone, da ƙwai 4, da giram 100 na sukari, da gahawa mai ƙarfi wadda ta huce. Ana buga gwaiduwar ƙwai da sukari har ta yi haske, a haɗa da cukwin. Ana tsoma biskit a gahawa na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a jera a faranti mai zurfi, a shafa haɗin a kai, a sake jera wani layi, a barbaɗa garin cakulan marar sukari, a sa a firji aƙalla sa'o'i 4. Wasu suna ƙara giya, amma haɗin Treviso na asali babu ita.

Bambancin tiramisu da alkaki ya fi fitowa a wajen ajiya. Tiramisu yana da ɗanyen ƙwai da cukwi da ruwa mai yawa, don haka dole ya zauna a sanyin da bai wuce digiri 5 ba, a cinye shi cikin kwana biyu ko uku. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, shi ya sa wasu suke ɗumama gwaiduwa da sukari a kan tururin ruwa zuwa kimanin digiri 70 kafin haɗawa. A wurin da wutar lantarki ba ta tsayawa, irin wannan abinci yana da haɗari. Alkaki da nakiya da dubulan an tsara su ne don yanayi mai zafi da tafiya mai nisa.

Lafiya

Alkaki yana ba da ƙarfi sosai saboda alkama da mai da sukari, kuma ɓarzajjiyar alkama tana riƙe da dusarta. Sai dai sukarinsa yana da yawa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci, har da zuma, ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abinci a rana, wato kimanin giram 50 ga babba. Masu ciwon sukari suna bukatar shawarar likita kafin cin sa, kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar alkama ba sa cin sa. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba alkakin zuma.

Duba kuma

Nakiya
Dubulan
Gara
Funkaso
Mazarƙwaila
Tiramisu